Yadda za ka riƙe layinka a haɗin murya ba tare da ka zame cikin na wani ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin masu alto ko masu tena, wato muryoyin tsakiya a waƙar murya huɗu, ya san wannan matsala. A gida ka iya layinka tsaf, kana aiki kana rera shi, kana tafiya kana rera shi, babu inda yake kuɓuce maka. Ranar koyon waƙa kuwa, da masu sufrano, wato masu muryar da ta fi sama, sun buɗe baki, kafin a kai ƙarshen baitin farko sai ka tsinci kanka kana bin nasu, kuma ba ka san lokacin da ka sauya ba. Abin ya fi tsanani idan muryoyin a matse suke, wato uku ko huɗu duk suna cikin oktaf ɗaya, tsakanin do na ƙasa da do na sama, kowa na goga kafaɗa da ɗan'uwansa.

Daga nan mutane da yawa ke yanke wa kansu hukunci cewa ba su da murya, su koma layin baya suna motsa leɓe kawai. Wannan yana ba ni takaici, domin mafi yawansu muryarsu lafiya lau take. Kunnensu ne ba a horar ba, kuma kunne yana horuwa. Ga hanyar da za a bi, ko a ƙungiyar mawaƙan coci kake, ko cikin masu yabo da ƙasida, ko kuwa kai ne mai ɗora murya kan murya a situdiyo.

Abin da ya sa yake da wuya

Sauti girgizar iska ne. Sautin da ake saita kayan kiɗa da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Amma muryar mutum ba girgiza ɗaya take fitarwa ba. Idan ka rera sauti mai girgiza 200, tare da shi akwai ƙananan sautuka na 400 da 600 da 800 da 1000, har sama, kuma ƙwaƙwalwa ce ke tattara su ta ce maka murya ɗaya ce. To idan kai kana kan do mai 200, abokinka ya hau so mai 300, nasa ƙananan su ne 600 da 900 da 1200. Kun yi tarayya a 600, kun sake yi a 1200. Ƙwaƙwalwa sai ta so ta dunƙule ku wuri ɗaya kamar yadda ta saba. Ma'ana, yadda haɗin ya yi kyau, haka rarrabe shi ke ƙara wuya. Ban da haka, kunne ya fi saurin kama muryar da ta fi kowa sama, sai ta can ƙasa. Ta tsakiya ita ce ke ɓuya, shi ya sa alto da tena suka fi kowa shan wahala.

Dalili na biyu yana can cikin kunne. Akwai wata gaɓa naɗaɗɗiya da ke rarraba sautuka, kowane da wurin da yake taɓawa. Sautuka biyu da ke kusa da juna sosai suna faɗawa kusan wuri ɗaya, sai a ji wata karkarwa ko kaushi. Masanin nan na Jamus, Helmholtz, ya yi bayanin wannan tun 1863, ya ce kaushin ya fi tsanani idan bambancin girgizar ya kai wajen 33 a daƙiƙa. Sabon mawaƙi da ya ji wannan kaushin sai ya ɗauka kuskure ya yi, ya yi maza ya gudu zuwa sautin na kusa da shi don a samu lafiya. Alhali sau da yawa mai tsara waƙar da gangan ya sa kaushin, domin daɗin da za a ji idan ya warware.

Na uku shi ne tarbiyyar kunnenmu. Mun tashi da amshi. 'Yan amshin makaɗan fada, 'yan mata a dandali, yara a makaranta, galibi kowa kari ɗaya yake bi, kuma wanda ya ware shi ne ya ɓata waƙa. Don haka kunnenmu ya koyi cewa daidai shi ne ka narke cikin na kusa da kai. Wannan gwaninta ce mai kyau a wurinta. A Jojiya kuwa yaro yana tasowa ya tarar ana waƙa da murya uku, a wasu yankunan Bulgeriya mata biyu kan rera sautuka masu tazarar mataki ɗaya tak, kamar do da re, su daɗe a kai, suna jin daɗin wannan kaushin da mu muke gudu. Mu waƙar murya huɗu ta hanyar coci ta fi shigo mana, tare da do re mi ɗin da Sarah Glover da John Curwen suka tsara a Ingila a ƙarni na 19, wanda har yau da shi ake koyar da waƙa a majami'un Jos da Kaduna da Zariya.

Akwai kuma harshenmu kansa. Hausa tana da karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, kuma jimla tana gangarowa ƙasa yayin da take zuwa ƙarshe. Layin alto sau da yawa yakan tsaya kan sauti ɗaya gaɓa biyar ko shida a jere. Baki yana so ya hau ya sauka yadda ya saba furta kalmomin, takarda tana cewa tsaya. A ganina wannan na cikin abubuwan da ke ture mutanenmu daga layinsu, kuma za mu zo kan maganinsa.

Mataki na 1: ku biyu, sauti ɗaya

Nemi mutum ɗaya mai irin muryarka, namiji da namiji ko mace da mace. Ku shiga ɗaki mara hayaniya, ku kashe fanka, domin fanka tana yanyanka sauti ta ruɗa kunne. Ku zaɓi sautin da bai yi wa kowa sama ko ƙasa ba, ku riƙe shi tare da "uuu", a hankali, ba karkaɗa murya.

Yanzu abokinka ya tsaya cak, kai kuma ka ɗan ja muryarka sama kaɗan-kaɗan, kamar ana jan zare. Za ka ji sautin ya fara kaɗawa, wu-wu-wu. Yawan kaɗawar shi ne bambancin da ke tsakaninku: idan shi yana 220 kai kana 223, sau uku zai kaɗa a daƙiƙa. Ƙara hawa, kaɗawar ta ƙara sauri har ta zama kaushi. Sai ka dawo a hankali, ka ji tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya. Inda ta tsaya nan ne daidai. Ka yi haka ta ƙasa ma, sannan ku yi musanya.

Kada ka raina wannan. Shi ne tushen komai, domin shi ke koya maka jin muryarka da ta wani a lokaci guda. Wanda bai iya jin kaɗawar nan ba, sauran matakan za su zame masa canki-canka.

Mataki na 2: a riƙe maka do

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Abokinka ya riƙe do, yana numfashi yana komawa. Idan babu kowa, danna do a kibod da muryar ogan wadda ba ta mutuwa, ko ka naɗi muryarka a waya kana riƙe da shi na minti biyu.

Kada ka fara da hawa matakala a jere. Fara da waɗanda suka fi sauƙin zama: do na sama, sannan so, sannan fa. Riƙe kowanne numfashi guda cur, kana sauraron abin da ke tsakanin muryoyin biyu. Do na sama ninki biyu ne na do na ƙasa. So da do uku ne bisa biyu, fa da do huɗu bisa uku. Saboda lissafinsu mai sauƙi ne, idan sun zauna za ka ji sun kulle, har kamar sautin ya ƙara faɗi a ɗakin.

Daga nan sai mi da la. Mi shi ne mai ba haɗi zaƙinsa, kuma akwai abin da ya kamata ka sani game da shi. Kibod da fiyano an raba musu oktaf gida 12 daidai wa daida don su iya kaɗa kowane ki, wato a ɗauki kowane sauti a matsayin do, kuma wannan rabon ya sa mi ɗinsu ya ɗan yi sama da inda kunne ya fi so. A ki na C, do yana girgiza 261.6, mi na kibod 329.6, amma mi da ke kulle da do, wato biyar bisa huɗu, 327 ne. Bambancin kashi 14 ne cikin 100 na rabin mataki. Kaɗan ne a ido, amma yana haifar da kaɗawa wajen sau 10 a daƙiƙa a ƙananan sautukan sama. Gwada ka gani: riƙe mi a kan do, ka sassauto da shi ɗan mitsitsi, za ka ji wani wuri da komai ya kwanta. Idan ana waƙa ba kiɗa, nan za ka zauna. Idan kibod na kaɗawa da ƙarfi, bi kibod, kada ka yi faɗa da shi.

Sai na ƙarshe, masu wuyar: re a kan do, da ti na ƙasa a gindin do. Ti da do rabin mataki ne kawai tsakaninsu. Jikinka duka zai so ya tsere. Tsaya. Ƙirga huɗu a zuci, sannan ka warware zuwa do da niyya, a lokacin da kai ka ga dama. Gobe ka ƙirga takwas. Abin da ake nema shi ne ka saba da kaushin har ka daina jin sa a matsayin laifi, ka san ɗanɗanonsa kamar yadda ka san na so da na mi. Kowace tazara da nata ɗanɗanon, kuma da wannan ɗanɗanon ne gwanaye ke gane suna daidai, ba da tuna lambar sauti ba.

Minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Mataki na 3: motsi, daga mai sauƙi zuwa mai santsi

Mutane sukan ɗauka cewa haɗin da ya fi sauƙi shi ne ka bi mai kari a gefe, ya hau ka hau, ya sauka ka sauka, da tazarar mataki biyu tsakaninku. Ga wanda ya iya, haka ne. Ga mai koyo kuwa nan ne santsi ya fi yawa, domin layin naka da nasa siffarsu ɗaya, kuma zamewa ɗaya ta isa ta jefa ka cikin nasa. Bar shi sai ƙarshe.

Fara da waƙar zagaye: ku ɗauki gajeren kari da ya dace da hakan, ɗaya ya fara, ɗayan ya shigo bayan layi guda. Kowa abin da ya sani yake rerawa, sabon abu kawai shi ne jure jin wani yana wani wuri. Bayan haka kai ka riƙe so, abokinka ya yi ta yawo a do re mi fa mi re do. Sannan ku yi saɓani: kai ka tashi daga do na sama kana sauka, shi daga do na ƙasa yana hawa, a hankali. A tsakiya, shi yana fa kai kana so, sannan shi so kai fa, za ku goga juna ku wuce. Wannan wurin ku maimaita shi sosai. Sai kun iya waɗannan ne za ku koma tafiya a jere: shi do re mi fa so, kai mi fa so la ti.

Mataki na 4: ka san layinka, ka kuma san aikinsa

Rera layinka da do re mi har ya zama waƙa mai zaman kanta a bakinka. Sannan ka cire do re mi ka sa "lu lu lu". Kalmomi su zo daga baya, kuma kafin ka haɗa su da kari, karanta su duka a kan sauti ɗaya shimfiɗaɗɗe, da tsawon gaɓoɓinsu yadda waƙar ta tsara, ba hawa ba sauka. Wannan ne ke raba bakinka da karin magana na yau da kullum. Ka lura musamman da ƙarshen layi, inda harshe ke son gangarowa.

Yanzu ɗauki fensir ka yi wa tarkuna alama. Kusan kullum wurare huɗu ne. Sautin shigarka na farko: nemo daga ina za ka ɗauke shi, misali "sufrano sun ƙare a mi, ni zan shiga mataki biyu ƙasa da su". Inda kai da wani layi kuka haɗu a sauti ɗaya sannan kuka rabu, domin a rabuwar ake tafiya da mutum. Inda layinka ya tsallaka saman na maƙwabcinka ko ƙasansa. Da inda mai kari ya yi tsalle babba kai kuma aka ce ka tsaya. Kowane tarko ka ware shi, sauti biyu kafinsa da biyu bayansa, ka yi ta yi a hankali. Babu amfanin rera waƙa daga farko har ƙarshe sau goma alhali gaɓa uku ne ke kayar da kai.

Sannan ga abin da ya raba mai hadda da mai ji. A duk inda aka tsaya aka ja sauti, ka san matsayinka a cikin kod ɗin, wato tarin sautukan da ake rerawa tare a lokaci guda. Idan kod ɗin do mi so ne, kai ne tushe, ko na tsakiya, ko na uku? Haka ma idan kod ɗin fa la do ne, ko so ti re. Tushe da na ukunsa su ne ginshiƙai, a rera su da ƙarfi daidai. Na tsakiya, wato mi ko la ko ti a waɗannan kod uku, a ɗan rage masa ƙarfi, a kuma ɗan sauko da shi ƙasa kaɗan. Masu salon babashof na Amurka, wanda ya samo asali a cikin baƙaƙen fata a ƙarshen ƙarni na 19 kuma aka kafa masa ƙungiya a Tulsa a 1938, sun mayar da wannan sana'a. Su huɗu ne: mai kari a tsakiya, tena a samansa, bes a ƙasa, sai baritan mai cike duk sautin da ya rage, wani lokaci saman mai kari wani lokaci ƙasansa. Layin baritan shi kaɗai ba ya ko kama da waƙa. Abin da ke riƙe shi shi ne jin ramin da ke cikin kod ɗin ya shiga ya cike. Idan kod ɗinsu ya kulle, ƙananan sautukan nan na sama suna taruwa su ƙarfafa juna har a ji kamar akwai murya ta biyar da babu mai rera ta. Duk mai alto da tena zai ƙaru da sauraronsu.

Mataki na 5: waya ta zama abokin koyo

Manhajoji irin su BandLab a waya ko Audacity a kwamfuta suna ba ka damar ɗora murya kan murya kyauta. Naɗi karin waƙar a layi ɗaya, naka a wani. Tura naka kunnen hagu, kari kunnen dama. Da farko naka da ƙarfi, kari can ƙasa-ƙasa, ka bi. Kullum ka rage naka ka ƙara kari, har ranar da za ka kashe naka gaba ɗaya ka rera a kan kari shi kaɗai. Naɗi wannan ma ka saurara. Muryar da kake ji a kanka tana biyowa ta ƙashin kai, ba ita mutane ke ji ba, kuma rikodin ba ya jin kunyar kowa.

Yi amfani da iyafis mai waya, domin na bulutut yana jinkirta sauti. Idan kana rerawa, cire na kunne ɗaya ko ka ɗan zame shi don ka ji kanka a iska.

Mataki na 6: ciro layi daga waƙar da babu takardarta

Wannan shi ne abin da aka fi tambaya, kuma gaskiya yana da wuya ko ga waɗanda suka daɗe. Kada ka fara da farautar muryar tsakiya. Nemo do na waƙar tukuna, yawanci inda ta ƙare. Rubuta kari da do re mi. Sannan bes, wanda yake fita sosai a iyafis mai kyau amma yake ɓacewa a lasifikar waya. Da ka samu sama da ƙasa, tsakiya ta kusa bayyana kanta: idan bes na kan do, kari na kan mi, to da wuya a rasa so a tsakiya, murya ta huɗu kuma tana maimaita do. Ka ga yanzu ba lalube kake a duhu ba, zato kake gwadawa.

Ɗauki daƙiƙa biyu ko uku kawai, inda aka ja sauti, ka yi ta maimaita su. Rage sauri zuwa 0.75 a YouTube, wanda ba ya sa sautin ya hau ko ya sauka. Yi gunjin sautin da kake zato a hankali tare da rikodin. Idan yana ciki, za ka ji muryarka ta nutse, kuma sau da yawa muryar da kake nema za ta fito fili kamar an haska ta, domin ƙwaƙwalwa tana jin abin da aka riga aka nuna mata. Idan ba ya ciki, za ka ji ka yi saman ruwa kai kaɗai. Saurara da kunnen hagu shi kaɗai, sannan dama, tunda masu haɗa sauti sukan rarraba muryoyi gefe-gefe. Ka kuma kama mutum ta kalar muryarsa: mai ɗan hanci, mai iska-iska, mai saurin shigowa kafin saura. Bi shi daga kod zuwa kod, ka tuna cewa muryar tsakiya ba ta cika tsalle ba, ko ta tsaya ko ta matsa mataki ɗaya.

Idan mutum ɗaya ne ya ɗora muryarsa sau huɗu, ko an gyara muryoyin da na'ura har sun zama sumul, wani lokaci ba za a iya rarrabewa da tabbaci ba. A nan ka tsara layin da ya dace da kod ɗin, ya wadatar.

Mataki na 7: cikin jama'a

Abu na farko: cire yatsa daga kunne. Na san dalilin da ake yin sa, yana sa ka ji kanka. Amma yana yanke ka daga mutanen da ya kamata ka daidaita da su, sai ka riƙe layinka ka rasa haɗin. Dubi mata masu lugude a turmi ɗaya: kowace da taɓaryarta da lokacinta, amma da jin saukar ta 'yar'uwarta take sanin nata, wadda ta toshe kunne kuwa ita za ta jawo karo. Idan ba ka jin kanka, kanga tafin hannu tsakanin bakinka da kunnenka ya dawo maka da muryar, ko ka ɗan matsa nesa da na kusa da kai. Tazarar kamu biyu ko uku tsakanin mawaƙa tana gyara abubuwa da yawa.

Na biyu, rage murya. Ɗan Adam yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan akwai ƙara kewaye da shi, abin da likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana a 1911. A ƙungiya, kowa na ɗagawa don ya ji kansa, har a kai inda babu mai jin kowa. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce: idan ba ka jin na gefenka, ka yi ƙarfi da yawa. Ga shugaban mawaƙa kuma, ina roƙo, a riƙa kashe kibod da ganga da lasifika na wani ɓangaren lokacin koyo. Ƙungiyar da ba ta taɓa jin kanta ba kiɗa ba, ba za ta san ko tana haɗuwa ba.

Ku tsaya a da'ira kuna kallon juna. A haɗa layi biyu-biyu ta kowace fuska: sufrano da alto, alto da tena, tena da bes, alto da bes, har a zagaye. Alto da tena su suka fi bukata, su ne kuma aka fi mantawa. Sannan a gina kod daga ƙasa: tushe ya shiga ya zauna, na uku ya hau kansa su kulle, na tsakiya ya shigo a hankali a ƙarshe. Idan an ƙware, a wargaza tsayuwar, kowa ya tsaya tsakanin mutum biyu da ba layinsu ɗaya ba. Makon farko za a sha wuya. A nan ne kuma waɗanda suka daɗe suna jingina da wata gwana a gefensu za su fara tsayawa da ƙafarsu, kuma a yi musu wannan da tausasawa, ba da tozartawa a gaban jama'a ba.

Wasali ma sai an daidaita shi. Mutum huɗu na iya kasancewa kan sautukan da suka dace, amma ɗaya ya buɗe "a" ɗinsa sosai, ɗaya ya karkata shi wajen "o", sai kod ɗin ya ƙi kullewa, domin siffar baki ce ke zaɓar waɗanne ƙananan sautuka za su fito. Ku kalli bakin mai kari ku kwaikwaya. A kan "ai" da "au", ku zauna kan "a" ɗin, ku rufe tare a ƙarshe. Karkaɗa murya a rage shi a irin wannan waƙa.

Ga mai tsara wa maza zalla, kada a matse muryoyi a can ƙasa. Do mai girgiza 131 da mi mai 165 bambancinsu 34 ne, daidai inda kaushi ya fi yawa, shi ya sa suke fita kamar gurnani ko da kowa na daidai. A ba bes fili, tazarar do zuwa so ko oktaf tsakaninsa da na samansa, a matse na saman.

Idan waƙa tana nutsewa, ko kai ka ɓace

Ƙungiyar da ke waƙa ba kiɗa takan fara a ki ɗaya ta ƙare ƙasa da shi. Don gano inda ake zubewa, danna do a farko, ku rera layi ɗaya, a sake dannawa. Layin da aka saɓa, a nan ɓarakar take. Yawanci ɗayan abubuwan nan ne: ana sauka da faɗi fiye da kima, musamman do zuwa ti da fa zuwa mi, ko ana hawa a gajarce, ko sautin da ake maimaitawa yana ɗan zamewa kowane karo, ko numfashi na ƙarewa kafin layi ya ƙare. Maganin shi ne a sauka da tsantseni, a hau da yalwa, a sabunta sautin da ake maimaitawa kamar yanzu aka fara shi, a kuma yanke tun farko inda kowa zai ja numfashi. Lokacin hunturu maƙogwaro na bushewa, a sha ruwa sosai tun kafin a zo. Wani lokaci ɗaga waƙar rabin mataki kawai yakan tsayar da nutsewar.

Idan kuma a tsakiyar waƙa gaban jama'a layinka ya kuɓuce, kada ka yi ta lalube da ƙarfi, kada kuma ka tsaya da fuskar tashin hankali. Yi shiru bakinka na ci gaba da furta kalmomin, ka kasa kunne ga bes. Jira wurin da ka riga ka yi wa alama, farkon layi na gaba ko inda ake jan sauti, ka ji sautinka a zuci tukuna, sannan ka shigo da shi a hankali ka ƙara ƙarfi. Saboda haka tun a wurin koyo ka tanadi irin waɗannan mashigai biyu ko uku a kowane baiti, ka kuma sa abokinka ya riƙa tsayar da kai ba zato yana ci gaba da nasa, kai kuma ka nemi hanyar dawowa ta mashiga mafi kusa.